Amawalin Tsohon Buzu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar rabon dawa a Tungan Maje ba. Lokacin babu ko zancen gina babban birnin tarayya a yankin, daji ne sai gonakin doya. Fari ya koro Buzaye daga Nijar, aka turo ni aikin agaji ni kaɗai, ina saurayi, ba dangin iya ba na baba. Mai ɗebe mini kewa wani tsohon Buzu ne da dabbobinsa suka ƙare. Kullum da la'asar zai dafa shayi ya miƙo mini. Hausarsa guntu-guntu ce, amma mukan kai magariba muna hira.

Kafin rabo aka tara mu ma'aikatan agaji kwana uku a Gwagwalada, wani malami ya koyar da mu haƙƙin baƙi a dokar ƙasa da ƙasa. Ya ce, "Wanda ya tsallako iyaka, da takarda ko babu, yana da haƙƙin abinci da magani da mutunci." Ni kuwa, sarkin rawar kai, abin da na riƙe kawai shi ne kada wani ya karɓa sau biyu.

Ranar rabo na kafa dokata, cewa sai na ga fuskar kowa kafin in ba shi. Da layi ya zo kan tsohon na ce, "Baba, sauke amawalin."

Ya ce a hankali, "Yaro, ai ka san ni. Ga surukaina nan tsaye."

Na ce, "Doka ce, Baba."

Ban san cewa a wurinsu namiji ya yaye amawali a ga bakinsa gaban surukai daidai yake da tsiraici ba. Ya dubi jikokinsa, waɗanda rabonsu da abinci tun shekaranjiya, ya sa hannu ya janye amawalin. Duk mazan da ke layi suka juya baya don kada su gani. Ni kaɗai na kalla.

Ya karɓi dawarsa ya tafi. Washegari da la'asar na je da ƙullin sukari, na tarar da toka da duwatsun murhu. Sun tashi.

Na ƙara wata bakwai a garin ina shan shayi ni kaɗai, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar na gane cewa in za ka ba mai yunwa abinci, kada ka sa ya biya da mutuncinsa.