Kakana a Akwatin Annasara

A gidanmu na Madarumfa, ko an kwashe tuwon dare Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Iya kakata ce ta wajen uba. Takan tura guntayen itace ciki, ta binne mana gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni aka sa wa sunan mijinta marigayi, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Maigida take ce mini, kuma kullum kukanta shi ne ba ta yi dacen miji ba: ba noma, ba kamun kifi, sai cin gyaɗa da ɗan karen tsoro.

Tsoron kuwa ba sharri ta yi mini ba. Amma tatsuniyoyin kura da dodo ba su taɓa hana ni barci ba. Labari ɗaya ne yake firgita ni, kuma shi ba ta kiran "ga ta nan ga ta nanku" kafin ta fara shi. Yakan taso ne idan yayyenmu sun dawo daga gidan kallo suna harbin juna da yatsa irin na kaboyi. Sai fuskarta ta canza, ta ce, "Ku bar wasan ga. Shi ya ci kakanku."

Ta ce tana da cikin babana wani annasara ya sauka a bakin tabkin garinmu da mato biyu da tafinta. Tsoho ne mai jan wuya, mutumin Italiya, ba ya rabuwa da malfa. Tafinta ya gaya wa mutanen gari cewa tun yana saurayi sana'arsa fim ɗin kaboyi, a can wani daji mai duwatsu yake sa mutane su hau doki a harbe su. Da mutanen ƙasarsu suka gaji da kallon irin wannan, sai ya taho nan neman sabon fili.

"Tahinta yac ce mutanen da ya kashe ba su ƙirguwa," in ji Iya, "kuma wai duk sun tashi. Ni tun nan jikina yay yi sanyi."

Annasara ya ga kakana ya kawo dokinsa shan ruwa, ya ga yadda yake zama a kansa ba sirdi, ya ce shi yake so. Aikin farko dariya ya ba mutane. Kakana ya sukwano, a yi harbi, wani jan ruwa ya fashe masa a ƙirji, ya faɗo ƙasa, ya tashi yana kakkaɓe riga. Annasara na bayan wani baƙin akwati mai ƙafa uku yana ihu a sake.

Rana ta uku ya ce saura jana'iza. Yana son a naɗe kakana a farin ƙyalle, a ɗora shi a makara, a kai shi rami. Liman ya hana makarar masallaci. Dattawa suka ce ba a auna wa mai rai likkafani. Annasara ya sa aka ɗaura masa wata makarar da gwangwala, ya auna kakana da igiya tun daga kai har tafin ƙafa. Iya ta ce ta durƙusa ta roƙi kakana kada ya yarda, shi kuwa ya yi dariya ya ce wasa ne.

Daga nan muryarta takan yi ƙasa, mu kuma mu matsa jikinta har gyaɗa ta ƙone ba wanda ya kula.

"Ina laɓe bayan wata tsamiya. Da idona na ga an ƙulle mai kai, an ƙulle mai ƙahwa. Sunka sa shi rami, sunka zuba ƙasa kaɗan. Annasara yac ce bai yi ba. Anka hiddo shi, anka maida. Sau ukku."

Da za su tafi, annasara ya bar wa kakana farin ƙyallen kyauta. Kafin damina ta zagayo, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Da aka tashi neman likkafani ba a je kasuwa ba, ga shi nan a adakar Iya, an riga an yanka daidai tsawonsa.

Ba mutuwar ce ta fi damun Iya ba, ta san kowa da ranarsa. Abin da ya tsaya mata shi ne maganar tafinta, cewa abin da ya shiga akwatin nan ana iya nuna shi kullum, a kowane gari. A ganinta, duk sa'ad da aka kunna fim ɗin sai an taso mijinta an sake harbe shi. "Mu sau guda munka ruhe shi," takan ce. "Su can kullum tono shi sukai. Yaushe bawan Allah za ya huta?"

Ni mai sunansa, abin ya shige ni ƙwarai. Na daina lulluɓa da farin zane. Idan na ga tela ya ɗauko igiyar awo ranar ɗinkin Salla, sai na gudu bayan rumbu. Wata rana na tambaye ta, "Iya, yau ma sun kashe shi?" Ta shafa kaina ta ce, "Allah masani, Maigida." Da ta ce mini a'a, da na yi barci a ranar.

Na girma, na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Safo, tsoron ya koma abin da nake ba abokai labari muna dariya. Iya kuwa ba ta daina ba. Ta tsufa tukuf, amma duk Juma'a sai ta yi sadakar ƙosai don a bar mijinta ya kwanta. Bara waccan na sa ta buɗe adakar, na sami ɗan katin da tafinta ya bari, da sunan annasaran a jiki. Na nema a salula. Ga tarihinsa nan kaf: ya fara da ɗaukar wa masu kamara kaya, ya riƙe kamara, ya zama mai ba da umarni, ya yi shekaru yana fina-finan kaboyi a busassun duwatsun Sifen, ya ƙare da tallan talabijin. A can ƙarshen tarihin aka ambaci wani fim da ya fara a Nijar. Bai gama shi ba, ba a taɓa nuna shi ba, faifan ma ya ɓata.

Na hau kabu-kabu na taho gida da murnata. Na same ta a bakin murhu, na durƙusa na ce, "Iya, albishirinki. Ba wanda ya taɓa kallon fim ɗin. Tun ranar da kuka rufe shi yake kwance lafiya."

Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta daɗe tana tona toka da kara.

"Ka ce babu shi ko'ina?"

"Babu, Iya."

"To." Ta goge ido da bakin zane. "Ni ina cewa wata rana ka kawo man shi cikin 'yar salular ga taka, in ga huskarshi. Ko da ana harbinshi na."

Sai a lokacin na tuna kakana bai taɓa ɗaukar hoto ba. Duk daren da Iya ta tsorata mu da labarin nan, ashe tana faɗa wa kanta ne cewa akwai inda mijinta yake kan dokinsa da ƙuruciyarsa. Na yi ɗokin cire mata tsoro, ban san da shi take riƙe da mutumin ba. Ta rasu bana, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Tun ranar da na kawo mata albishirin ba ta sake ba jikoki labarin ba.