Malamar Aji Ɗaya Ba Ta Ga Rabon Kyautar Bana Ba

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina gaban allo ina rubuta wa yara aikin hutu, maigadi ya leƙo ta taga ya ce shugaban makaranta yana nemana. Na tarar da shi zaune a ofis, ya kife wayarsa a kan tebur. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Malamar aji ɗaya ta rasu yanzu a asibiti. Ƙaninta ne ya kira." Allah ne Ya yi mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Yaya, bayan la'asar aka kai ki makwancinki, saura 'yan kwanaki a yi taron rabon kyaututtuka na ƙarshen shekara, ranar da kika fi ƙauna a duk ranakun makaranta.

Yaya, ni ce, maƙwabciyarki ta aji biyu. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakanin ajinki da nawa, bangon da bai kai rufi ba, don haka babu waƙar da kika koya wa yaranki da ban haddace ba, babu kuma faɗan da kika yi musu da bai shiga kunnena ba. Yau na zauna in rubuta ta'aziyyarki. Ƙarshen shekara dama lokacin gajiya ne ga malami, ga gyaran jarrabawa, ga cika sakamako, ga iyaye. Bana sai aka ɗora mana rashinki a kai.

Da kika zo makarantar nan, al'adar da kika tarar ita ce a kira na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, a ba su littafi da fensir, sauran yara su yi tafi a watse. Shekararki ta farko kika tsaya a bayan yaranki kina kallon fuskokinsu. Da shekara ta zagayo kika shiga ofis, ina biye da ke da rajista a hannu. Kika ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, yaro ɗan shekara shida ya yi shekara guda ana tashinsa da sassafe, ya zo da kuka, ya koyi zama, ya koyi riƙon fensir, sai kuma a ce ya zo ya tafa wa wani ya koma gida hannu rabbana?"

Shugaba ya ce, "Malama, in aka ba kowa, ina amfanin ƙoƙari?"

Kika ce, "Ku ba na ɗaya littafinsa, ban hana ba. Sauran ku bar mini su."

Ya bar miki su, don ya ɗauka za ki gaji ki daina. Kin gaji kuwa, amma ba ki daina ba.

Tun daga tsakiyar zango na uku kike fara tara kwalayen sabulu da na biskit daga masu kantin bakin titi. Lokacin hutun tara, mu muna ofishin malamai muna hira, ke kina aji da almakashi da gam, kina yanka kwali siffar tauraro, ki manna masa takarda mai launi, ki huda, ki zura zare. A jikin kowane tauraro sai ki rubuta sunan yaro da abin da ya yi. Ba ki taɓa rubuta "yaron kirki" kawai ba, kin ce wannan lalaci ne. Akwai wanda ya samu don ya daina kuka a bakin ƙofa. Akwai wadda ta samu don ta koyi ɗaure igiyar takalminta, ta kuma koya wa 'yan bencinta. Wani ya samu don ya fi kowa tambaya, kika raɗa mini cewa da kyautar surutu ce kika so rubutawa, kika ji tsoron uwarsa. Wani kuwa ya samu don ya daina tauna fensir, duk da dai ya koma tauna kwalar rigarsa.

Ba zan manta da yarinyar da muke kira Tsit ba. Zango biyu cur ba wanda ya ji muryarta, ko a rajista sai dai ta ɗaga hannu. Wasu malamai suka ce a gaya wa iyayenta su nemi wata makarantar. Kika zaunar da ita kusa da teburinki, ba ki matsa mata ba. Wata rana kina rubutu sai aka ji wata siririyar murya ta ce, "Malama, allinki ya faɗi." Har ni da nake bayan bango na tsaya. Ke kuwa ba ki juyo ba, kika ce, "Na gode, ɗauko mini," kamar kullum haka take magana. Sai da aka tashi kika shigo ajina kika zauna a bencin yara kika yi kuka. A tauraronta kika rubuta, "Muryar da muka fi jin daɗin ji a bana." Mahaifiyarta, mai yi wa mutane wanki, ba ta iya karatu ba, ni ta miƙa wa ta ce in karanta mata. Na karanta, ta ce in sake.

Ba kullum abin yake ƙarewa da daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba don kin rasu. Akwai mai kantin kayan gini da ɗansa ya samu tauraro don yana raba ruwan gorarsa da waɗanda ba su zo da shi ba. Uban ya tare ki a gaban mutane, ya ce, "Karatu na kawo shi ya koya, ba rabon ruwa ba." Kika ce, "Baban yaro, karatun zai zo da yardar Allah. Amma ba zan ce maka ya yi na ɗaya ba, don bai yi ba." Ya fizge zaren daga wuyan yaron ya ajiye miki a kan tebur, bayan hutu kuma ya canza masa makaranta. Kin daɗe kina jin zafin abin. Ba maganar uban ce ta dame ki ba, yadda yaron yake waiwayen teburin ne har suka fita.

Shekaru suka yi ta tafiya, aji yana ƙara cika, benci ɗaya ya koma ɗaukar yara huɗu. Idonki ya rage gani, almakashi ya yi wa babban yatsanki kanta. Duk shekara sai kin ce mini, "Ƙanwata, wannan ce ta ƙarshe, wallahi na gaji." Duk shekara kuma sai in ga kwalaye jibge a bayan ƙofarki. Bana ƙafafunki suka kumbura, kika koma koyarwa a zaune. Likita ya ce ki huta, kika ce sai bayan taro. Ranar da numfashinki ya sarƙe a aji, yaranki ne suka shigo mini da gudu, ba ma wanda ya iya faɗin abin da ya faru, sai jan hannuna suke yi.

Da na je duba ki a asibiti, maganarki ba ta fita sosai. Kika ce, "Suna cikin kabad. Na yanka, ban rubuta ba." Na ce ki bar wannan zancen, za ki warke ki rubuta da kanki. Kika kalle ni kawai.

Bayan rasuwarki shugaba ya ce ko a bar na aji ɗaya bana, kowa zai fahimta. Na ce zan gwada. Na buɗe kabad na tarar da taurarin an yanka, an manna, an zura zare, babu ko harafi a jikinsu. Ni kuwa muryoyin yaran nan na sani ta bayan bango, ban san halinsu ba. Sai na zauna a kujerarki na tara su, na ce su gaya mini abin da kowa ya yi na kirki a bana. Can wani ya nuna abokinsa ya ce, "Shi ne yake goge allo." Wata ta ce, "Wannan tana ba ni aron abin goge rubutu, ba ta cewa in dawo da shi da sauri." Daga nan baki ya buɗe, har sai da na riƙa cewa a yi ɗaya bayan ɗaya.

Da aka zo kan wani ɗan tela, wanda kike yawan kiran sunansa da ƙarfi, ajin ya yi tsit. Ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Na jira. Sai yarinyar da ke zaune kusa da shi ta ce, "Malama, ya daina cizo." Na tambayi sauran ko haka ne, suka ce haka ne, tun bayan hutun da ya wuce bai ciji kowa ba. Haka na rubuta. Ina cikin rubutun wata ta ce, "Malamarmu za ta zo ta rataya mana?" Na ce a'a, ba za ta zo ba, ni zan rataya.

Ranar taro aka kafa rumfa kamar kullum, lasifika tana ta ƙara. Shugaba da kansa ya riƙe mini farantin taurarin. Na durƙusa gaban yaro na farko don in daidaita da tsayinsa, kamar yadda na ga kina yi, kafin in kai rabin layi gwiwoyina sun fara ciwo. A nan na san abin da kike ɗauka duk shekarun nan ba ki faɗa ba. Ɗan tela ya tafi wurin ubansa yana riƙe da tauraronsa da hannu biyu. Uban ya karanta, ya yi dariya, sannan ya goge ido.

Yaya, ban san ko wani zai yanka kwali baɗi ba. Ban yi miki alkawari ba, ni ma ƙarfina ya ragu, wadda za a turo ajinki kuma ba ta san ki ba. Abin da na sani shi ne bana ba yaron da ya koma gida hannu wofi daga ajinki.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, mahaifiyarki, wadda ta ce mini ta zaci ke za ki rufe ta. Ina miƙa ta ga maigidanki da 'ya'yanki, waɗanda suka haƙura da ke kina dawo musu a gajiye, da ƙaninki da ya yi jinyarki, da malaman makarantarmu, da ƙananan yaran da har yanzu suke leƙa ƙofar ajinki da safe. Allah Ya ba su haƙurin rashinki.

Ya Allah, baiwarKa ta zo maKa a gajiye, Ka hutar da ita. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta nemi alheri a jikin kowane yaro har sai ta samo, Ka dubi nata alherin Ka yi mata rahama. Mu da muka rage, Ka ba mu ƙarfin ƙarasa abin da ya saura mana, Ka sa mu cika da imani. Amin.