Jirgin da Ya Wuce Faraku

A Zango, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kwatano, wani dattijo yana durƙushe a bakin kwata. Hular ma'aikatan jirgi ce a kansa, duk ta koɗe, babban yatsansa kuma guntu ne. Ban san shi ba, amma ina jin yana cikin waɗanda aka sallama da sunan gyara ƙasa.

Ya shimfiɗa siririn layin dogo na waya, yana auna faɗinsa da tsinken ashana. Kan jirgin na gwangwanin madara ne. Gadar da ta haye kwatar da ƙarafan tsohuwar lema ya haɗa ta. Tuddan kuwa hotunan 'yan takara ya jiƙa ya cuɗa.

Wani direban babbar mota ya tsaya yana dariya. "Baba, ina jirgin ya nufa?"

"Yamai," in ji dattijon, ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba, ai layin a Faraku ya ƙare!"

"Nasu ke nan. Tun ina saurayi ake ce mana za a kai shi Yamai, amma sai baɗi. Yanzu mun yi zaɓe, an ce sai baɗi."

Ya sa guntun yatsan ya tura jirgin a hankali, har ya haye gadar.