Bokitan da Oga Ya Hana a Huda

Har yau ban manta da Larabar da darakta ta zo duba aikinmu a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, ba. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina malamar gona ta wucin gadi a wani shirin koya wa matan aure noman kayan miya a tsakar gida. Ba don ilimina aka ɗauke ni ba, sai don ina jin Hausa, kuma ina shiga gidajen da maza ba sa shiga. Wata shida aka ba ni na gwaji. In shuka ta rayu a tabbatar da ni, in ta mutu in kama gabana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ruwan Ibadan ba ya tausayin ƙaramin tsiro. Don haka a ɗaki muke yayyafa irin tumatir da attaruhu cikin faranti, kusa da taga. In ya yi ganye huɗu, sai a riƙa fitar da shi yana shan hantsi na 'yan kwanaki, sannan a dasa shi a tukunya mai huji a gindi, don ruwa ya samu hanyar fita.

Maimakon tukwane, sai aka aiko mana da sababbin bokitan roba masu tambarin shirin. Na ɗauko ƙusa zan huda, shugaban shiyyarmu, Oga Ajayi, ya kusa shiɗewa. Ya ce kayan gwamnati ne, ba mai taɓawa sai takarda ta zo daga hedikwata. Mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya duba ko doka ta yarda. Haka muka dasa wasu a barandar ofis, sauran na raba wa mata.

Sati biyu ana sheƙa ruwa. Na ofis suka yi rawaya, saiwa ta ruɓe, sauro ya tare a ciki. Su kuwa matan, tun ranar farko suka juye dashen a wasu mazubai, suka wanke bokitan suka sa a sana'a. Na sani, na yi gum, domin wannan laifin ma ya isa a sallame ni.

Darakta, wata Bayarabiya mai ƙarancin fara'a, ta ga gawarwakin shukar baranda, sai ta ce a kai ta gidaje. Muka bar Oga a zauren Hajiya Dije mai masa yana fifita da fayil, muka shiga. Ga bokitan gwamnati a jere cike da ƙullu. Ga kuma tumatir kore shar cikin tsofaffin kwanuka da fasasshen baho, har da tsagaggen fo ɗin kashin jikanta, wanda attaruhunsa ya fi na kowa kyau.

Darakta ta ce in tambayi Hajiya dalili. Ina shirin yi wa amsar kwaskwarima wajen fassara, sai Hajiya ta tsallake ni, ta amsa da Yarbancin da ya fi nawa.

"Madam, mai yoyo shi ne na shuka, marar yoyo na ƙullu. Wanda ya ce a yi akasin haka bai taɓa shuka ba, bai kuma taɓa masa ba."

Na ce shi ke nan, aikina ya tafi. Sai ga darakta tana dariya har da dafa bango. Da muka koma ofis ta sa aka kawo ƙusa, ta miƙa wa Oga, ta tsaya a kansa. Ya huda bokitin farko, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Aka tabbatar da ni a ƙarshen watan. A rahoton shekara kuwa, Oga ya rubuta cewa shi ya ƙirƙiro dabarar shuka a tsofaffin kwanuka.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, za ku haɗu da masu tsoron takarda fiye da mutuwar shuka, ku gaishe su da ladabi. Amma kafin ku bi umarninsu, ku leƙa cikin gida ku tambayi matar da za ta yi miyar.