Majanyin da Na Ɗaura wa Baba

Shekarar da ruwa ya gudu daga rijiyoyin Droum, Baba ya shiga tamu don ya ƙara mata zurfi. Bai kai ƙasa ba igiya ta tsinke. Ba na nan. Ina gidan miji a Zinder da goyon wata huɗu, mijin kuma ya tafi cin rani tun da gero ya bushe a tsaye. Sai aike na samu in zo gidan likita.

Na tarar da shi shimfiɗe, an sa masa wani farin abu mai tauri a wuya. Ƙafafu ba ya jin su. Hannuwa yana ɗan ja, yatsu ba sa kamawa. Abin da ya fi tsorata ni numfashinsa ne: ƙirji ba ya motsi ko kaɗan, ciki kawai ke tashi yana sauka. Majo, babban mai jinyar ɗakin, ya ba mu wata baƙar jakar roba mai baki kamar ƙoƙo. Ya ce in muka ga leɓɓansa sun yi toka, mu kifa masa a hanci da baki mu dinga matsawa a hankali, kamar zugazugin maƙeri. Ni na fi kowa saurin koya, don ni na fi kowa tsoro.

Ni ce ƴar fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Daga "ke" sai "waccan yarinyar". To ga ni yanzu tsaye a kansa ina hura masa iska, shi yana kallon rufi, ni ina kallon bango.

Bayan mako uku lokotoro, babban likitan, ya tara mu, majo yana yi masa tafinta. Ya ce abin da magani zai yi ya yi, saura reno, mu zaɓi inda za a yi shi. Akwai Yamai, inda aka ce suna da injin numfashi, amma hanyar ba ta mai irin wannan wuya ba ce. Akwai dogon ɗaki a bayan gidan likitar, inda wani mutum ke zuwa yana lanƙwasa wa marasa lafiya gaɓoɓi, kuma za a bar mana jakar. Baffa, ƙanen Baba, bai jira an gama ba.

"Akwai na uku," in ji shi. "Maɗorin Gidimuni. Can ga tafki, ga lambu. Nan kuwa ko ruwan alwala sai an bi ɗan garuwa da roƙo."

Gaskiyarsa. A Zinder ta lokacin, jar dawar taimako muke ci, ruwan da na wanke wa ƴata jiki da shi nake wanke tsummanta. Inna ta ce duk abin da maza suka yanke. Ni ba a tambaye ni ba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na fita shanya sai in ji kamar ana kirana, in dawo da gudu, in tarar yana barci, cikinsa na tashi yana sauka.

A wannan kai-komon na lura da abu. Mu a wajenmu babba ba ya amsa gaisuwa a kwance. Duk lokacin da ƴan dubiya suka zo daga Droum, sai Baffa da yayan Inna su tallabe shi, su jingina shi da bango, a gyara masa hula. Kuma duk lokacin, kafin a kai ga "ya jiki", muryarsa ta shige, leɓɓa sun yi toka, a kira ni da jaka. Baffa ya ce bakin mutane ne, ya samo rubutu aka shafa masa. Amma ranar da ba kowa, Inna ta zaunar da shi don ya sha kunu, haka ya yi. Da aka kwantar da shi sai ya dawo daidai.

Na fara satar kallon cikinsa. In yana kwance, cikin na nan a wurinsa. Da an zaunar da shi sai ya zubo gaba kamar salkar da aka juye ruwanta. Na san wannan cikin. Nawa ne, kwana biyu bayan haihuwa, lokacin da in na miƙe sai in ji numfashi ba shi da abin dafawa, har Inna ta ɗaure ni da zane tamau.

Na same ta a gindin bedi tana tsince dawa, na faɗa mata.

"Ɗaurin jego? A ɗaura wa ubanki?" Ta waiga ko wani ya ji. "Ke, rufa mana asiri. Gobe kuma sai ki ce a dafa masa ruwan wanka da kunun kanwa."

Na roƙi Baffa ya tafi da ni Gidimuni ranar da zai je ganin maɗorin. Ya ce, "Ke da ko wasiƙa sai an karanta miki, me za ki gano?" Amma ya bari. Muka hau bayan kamyo, babbar motar kaya, kan buhuna, ƴata a cinya. Ko'ina kasusuwan shanu a gefen hanya. Ni kuwa abin da nake ji gargadar hanya ce, ina cewa a raina, a nan za a zaunar da shi, a kan buhun nan, rabin yini.

Maɗorin dattijo ne mai sanyin hannu, ban ga abin zargi gare shi ba. Gidansa tsaf, ga inuwar dabino, ga ƙanshin miyar ganye da na manta irinsa. Masu karaya na zaune jere a rumfa, hannuwa da ƙafafu ɗaure da kara. Masu ciwon baya su biyu, kowanne an zaunar da shi an jingina da turke, an ɗaure kafaɗunsa da rawani don baya ya miƙe.

Na durƙusa na ce, "Baba, in mutum ba ya iya zama fa?"

"Ai zaman shi ne maganin, ƴata. Daga hantsi zuwa azahar. Wanda ya cika kwanciya ƙasa sabawa take da shi."

"In numfashinsa ya ɗauke?"

"Sai a yi masa fifita."

Baffa ya harare ni. A hanyar dawowa bai yi mini magana ba, sai yabon tafkin yake yi wa wani fasinja. Majo kuma ya riga ya ce jakar ta gidan likita ce, ba ta fita ƙofa.

Ranar Juma'a bayan masallaci manya suka taru a yanke magana. An riga an yi magana da mai kamyo. Don a cika al'ada, Baffa ya ce a ji ta bakin mai jiki. Suka tallabe shi, suka jingina, aka sa hula.

"Yaya, mun ga Gidimuni ta fi. Me ka ce?"

Baba ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya ɗaga gira, yana neman iska.

"To, ya amince," in ji wani. "Yarinya, kawo jakarki."

Ban ɗauko jakar ba. Har yau ban san yadda ƙafafuna suka ratsa tsakanin manyan nan ba. Na kwance majanyi, na miƙa wa Inna ƴata tana tsala kuka, na durƙusa gaban ubana, na zagaya hannuwana bayansa. Na ja majanyin ƙarƙashin haƙarƙarinsa, na tattaro cikin, na ɗaure yadda aka ɗaure ni.

"Subhanallahi!" in ji Baffa. "Wannan wace irin rashin kunya ce?"

Kowa na kallon Baba. Ya ja numfashi ɗaya, ya ja na biyu. Tokar leɓɓansa ta fara washewa. Ya yi tari, wanda rabonsa da yi da kansa tun rijiya.

"Ban amince ba," in ji shi. Muryar ƙarama ce, amma ta kai bakin ƙofa. "Kullum kuna tayar da ni, kuna kashe ni, na rasa bakin faɗa. Nan zan zauna, inda jakar nan take." Ya huta. Bai dube ni ba. "Waccan yarinyar ta dinga zuwa tana ɗaurawa."

Majo da ya shigo ya sa yatsa tsakanin majanyin da ciki, ya ce in sassauta kaɗan in zai ci abinci. Ya ce akwai irinsa na Turawa mai maɗauri, su dai ba su da shi. Ya tambayi wa ya koya mini. Na nuna Inna. Ta ja lulluɓi ta rufe fuska.

Muka koma dogon ɗaki. Wahalar ruwa ba ta ragu ba, kullum ina tafe tsakanin gidana da can, rana a ka, ƴa a baya ɗaure da tsohon ɗankwali, don majanyinta ya zama na kakanta. Mai lanƙwasa gaɓoɓi ya fara zaunar da shi kaɗan-kaɗan, da ɗauri, gwargwadon shan kunu, daga baya gwargwadon hira. Bai sake takawa ba. Amma kafin damina ta biyu yana riƙe ludayi in an saƙala masa a yatsu, jakar kuma ta daɗe a rataye ba a taɓa ta ba. Da hannuna na mayar wa majo ranar da za mu Droum.

Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Daga baya shi ya sayo sabon majanyi a kasuwa, ya ba Inna, ya ce a ba mai goyo, wai bai kamata jika ta yi ta yawo a ɗankwali ba.