Baba Mai Mita, Wanda Ya Kama Mitar Yaya Tana Cin Rana

Shekara ashirin da bakwai, duk makon farko na wata, kafin rana ta ɗaga za ka ji ƙarar tsohon kekensa ya shigo layinmu. Zai jingine shi da katanga, ya yi sallama, ya jira. In an ce ya shigo, sai ya ciro ƙyalle daga aljihu ya goge gilashin mita, ya gyara tabarau, sannan ya kira mai gida ko matar gida. "Zo ka karanta da bakinka." Ka karanta, shi ma ya karanta, in lambar ta zo ɗaya ya rubuta a littafinsa, ya kuma rubuta maka a wani kwali da ya maƙale a bayan mitar. Daga nan sai gida na gaba. Mu dai da Baba Mai Mita muka san shi, kuma ban taɓa jin an yi masa maraba da ta wuce "ga ɗan kamfanin wutar nan ya zo" ba.

Abokan aikinsa sun fi shi sanin daɗin jiki. Suna zaune a inuwar shago suke karanta mitocin unguwa guda. Su dubi girman ƙofar gida su ɗora lamba, a ofis a kira abin ƙiyasi. Waɗannan su ne suka samu ƙarin girma, wasunsu har da mota. Shi kuwa makon jiya ya yi ritaya a kan matakin da yake tun shekara goma sha biyar da suka wuce. An tara su su bakwai a wani ɗaki, aka miƙa wa kowa takardar yabo da lemon kwalba. Daga layinmu ko mutum ɗaya bai je ba, har ni da nake wannan rubutu. Raina a ɓace yake, kuma ni ma ina cikin waɗanda nake jin haushinsu.

Bari in gaya muku abin da ya yi wa yayata.

Da mijin Yaya ya rasu, ta raba falonta biyu ta mai da rabi shagon ɗinki. Keke uku na lantarki, dutsen guga, fanka biyu, da mata biyu da ke taya ta aiki. Da shagon take ciyar da 'ya'yanta huɗu, amma kuɗin wuta na cinye ribar. Sai ga wani mai sola, baki kamar an shafa masa zuma. "Hajiya, farantin sola takwas da inbata mai juya wutarsu ta zama ta gida, daga yau ke da kamfanin wuta sai gaisuwa." Yaya ta sayar da sarƙarta ta zinare, abu ɗaya tak da ya rage mata daga marigayin, aka hau rufi aka jera farantai.

Takardar wuta ta wata na farko ta zo ta fi ta da. Yaya ta ce ko tsohon lissafi ne. Ta biyu ta fi ta farko. Sai ta shiga tsimi. Ta koma guga da gawayi, ta hana kunna fanka da rana, ta sallami mace ɗaya daga cikin masu taya ta, ta rufe keke biyu da zane. Ka shiga shagon da tsakar rana ka tarar da ita tana ɗinki gumi na ɗiga a kan kayan mutane. Takarda ta uku ta kusa ninka ta farko.

Ta kira mai sola, ya ce matsalar daga kamfani ce. Ta je ofishin kamfani, wani mai tumbi ya ce mata ba tare da ya ɗago kai ba, "Hajiya, mita ba ta ƙarya. In ba ki biya ba ƙarshen wata za a yanke." Ta sake kiran mai sola, sai mara kunyar ya ce tunda ba ta ji daɗin kayan ba zai taimaka mata ya saye su a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Taimako fa ya kira shi! Yaya ta zo gidana ta ce ta haƙura, za ta sayar masa, ta biya kamfani, ta rufe shagon. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gabana ba sai ranar.

Kashegari na je gidanta, sai ga Baba yana jingine keke. Na wanke shi tas. Na kira shi ɓarawo, na ce shi da iyayen gidansa bakinsu ɗaya, na ce Allah ya isa tsakaninmu da su a kan haƙƙin marayu. Mutumin da ya kusa haifata, a gaban jama'a. Ya tsaya yana saurare har na gaji.

"Ka gama, Malam?"

Na ce na gama.

"To matsa in wuce." Ya shiga, ya goge mitar, ya daɗe yana duban kwalin da ke bayanta. Sannan ya juya ga Yaya. "Hajiya, kar ki sayar tukuna. Ki ara mini kwana goma. Akwai littafin makaranta a gidan?"

Ya ja mata layuka da biro. Safe, tsakar rana, yamma, ta rubuta lambar mita, ta rubuta abin da allon inbata ya nuna farantai sun bayar, ta kuma rubuta ko akwai hadari ko rana ce tar, da keke nawa ta kunna. Yaya ta ce, "Baba, ni da ke neman kuɗi ka ba ni aikin gida kamar 'yar firamare?" Ya ce, "Ki dai yi, ba zan yi miki bulala ba in kin ci gyara." Kullum lokacin hutunsa na cin abinci yakan taka keken nan cikin rana ya zo ya duba littafin, ya sha ruwa, ya koma.

Rana ta goma ya aika a kira ni. Ya ɗora yatsa a kan wani layi. Ranar da hadari ya rufe gari, ana aiki da keke, mitar ta ci yunit kaɗan. Ya gangara zuwa wani layin. Ranar da Yaya ta rufe gidan kaf ta kai autarta asibiti, rana kuwa kamar ta fasa kai, ranar ce mitar ta fi ci.

"Gidan da babu kowa, wa ya sha wutar?" in ji shi.

Ya sa muka kashe komai, har firji. Muka tsaya a gaban mitar mu uku da tsakar rana. Jar fitilarta na ƙyafta ido ba ji ba gani. Ya ce Yaya ta kashe inbata. Tana kashewa fitilar ta tsaya cak.

"Kin gani? Wutar da farantanki suka yi, in ba ki sha ba, inbata na tura ragowar kan layin kamfani. Irin wannan mitar kuwa ba ta san shiga da fita ba, duk abin da ya bi ta cikinta rubuta miki take. Kina ba su wuta kyauta, suna cajin ki a kanta. Duk tsimin da kika yi da rana, kanki kika ƙara wa kuɗi."

Yaya ta zauna a ƙasa daɓas. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ya sa aka kira mai sola a gabansa, ya ce ya saita inbatar ta daina tura wuta waje. Mutumin ya fara kame-kame, Baba ya buɗe masa littafin. Minti biyar ya yi yana danne-danne, shi ke nan. Minti biyar! A kan minti biyar ɗin nan aka kusa rufe shagon da marayu huɗu ke ci daga gare shi, kuma har yau bai ce a yi haƙuri ba.

Saura takardun wata uku. Baba ya rubuta rahoto da hannunsa, ya haɗa da shafukan littafin, ya kai ofis. Amsar farko da ya samu takardar tuhuma ce, wai me ya kai shi gida ɗaya sau goma a wata. Ya amsa tuhumar, ya koma ya zauna a bencin ƙofar manaja kwana uku a jere har aka sa hannu aka dakatar da yanke wutar, aka zaftare abin da mitar ta ɗora na zalunci. A shekarar ce sunansa ya fita a jerin masu ƙarin girma, a shekarar kuma aka goge shi. Bai gaya mana ba, daga bakin wani direban ofishinsu na ji.

Takardar wata na gaba ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta da ba. Yaya ta yaye zanen da ke kan kekuna, ta aika a kira matar da ta sallama.

Baba bai tsaya nan ba. Duk gidan da ya hango faranti a rufinsa sai ya tsaya ya ja musu layuka. Mai kantin magani na bakin titi ya gaya mini shi ma wata biyar ana yankarsa bai sani ba. Gida goma sha ɗaya ya kama da wannan cuta a yankinsa kaɗai. Wasu kuma littafin ya nuna musu ƙura ce ta rufe farantai, wasu inuwar tankin maƙwabci.

Baba, kai ne ɗan kamfanin da ya ƙi bari kamfani ya ci haram da hannunsa. Kai ne na zaga a bainar jama'a ka ce in matsa ka wuce, ka shiga ka ceci 'yar'uwata. Baba, mai biro ɗaya da gaskiya ɗaya, ka yafe mini. Sun hana ka matsayi, amma ba su isa su hana mu faɗin abin da muka gani da idonmu ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Shekaranjiya ni da Yaya muka nemi gidansa don mu yi godiyar da ta makara. Ɗaki biyu ne na haya a ƙarshen wani lungu. An ɗauke wuta tun safe, muka tarar da shi a kan tabarma, matarsa da ke fama da ciwon sukari tana kwance yana yi mata fifita da kwali. Na ɗaga kai na dubi rufin, kwano ne tsirara. Yaya ta ce, "Baba, kai ba ka da sola?" Ya yi dariya. "Hajiya, da wane albashin?"

Muka yi masa godiya muka fito. Jiya da safe Yaya ta sa aka hau rufinta aka kwance faranti ɗaya daga cikin takwas, ni na sayi ƙaramin batir da fanka, aka kai aka haɗa masa. Ya yi ta cewa bai kamata ba, Yaya ta ce shi ma ya matsa ta wuce.

Ku masu karanta mita daga inuwar shago, ku tashi ku shiga gidajen mutane, ku dubi abin da kuke rubutawa. Ku da kuka ɗora sola, ku nemi littafi ku ja layuka, kar ku jira a yanke ku. Ku kuma sauran gida goma da dattijon nan ya cire wa ƙaya, faranti ɗaya fanka ɗaya kawai yake juyawa, kuma matarsa na buƙatar firji don maganinta. Yaya ta yi nata. Na san ƙofar kowannenku, kuma ranar Asabar zan zo in yi sallama.