Rhona Kilgour da Ƙwarin da Ba Sa Daskarewa

An haifi Rhona Kilgour a shekarar 1938 a garin Ranfurly da ke kudancin New Zealand. Mahaifinta Fergus makiyayin tumaki ne, mahaifiyarta Elspeth kuwa ungozoma ce.

Ƙuruciya da karatu

A hunturun 1947, ranar da sanyi ya halaka wa mahaifinta 'yan raguna da dama, Rhona ta ɗaga wani dutse a bakin garke ta tarar da wasu ƙwari da ba su kai ƙwayar gishiri ba suna ta tsalle a kan ƙanƙara. Ta tambayi mahaifinta dalilin da rago mai ulu ya mutu su kuma suka rayu tsirara. Ya ce, "'Yata, in kin gano ki zo ki faɗa wa tumakin nan." Da wannan tambaya ta shiga jami'a a Dunedin a 1957, inda ta karanci ilimin halittu.

Aure da aiki

A 1963 ta auri Alasdair Menzies, makanikin jiragen ruwa, suka zauna a Christchurch, inda ta kama aikin bincike kan ƙwarin da ke jure tsananin sanyi. A wancan zamani ba a barin mata su je yankin Antaktika mai tsananin sanyi, saboda haka sai ta dogara da ƙwarin da maza masu bincike ke kawo mata cikin kwalabe, masu tsallen da wasu dangin kaska. Takan ciyar da su gansakuka har su ƙoshi, sannan ta saka su a firji, bisa zaton mai ƙoshi ya fi jure sanyi. Shekara da shekaru suna mutuwa a hannunta, har hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken ta yi niyyar rufe shi.

Tafiya Antaktika

A ƙarshen 1974 aka amince mata da tafiya ɗaya tak, ta bar wa Alasdair yara uku. Da bazarar can ta kusa ƙarewa, sai ta lura a ƙarƙashin madubin bincike cewa cikin ƙwarin fayau yake. Ashe kafin sanyi ya tsananta sukan daina ci su fitar da abin da ke hanjinsu, domin a jikin ɓurɓushin abinci ƙanƙara ke fara kamawa, sannan jikinsu ya tara wani sinadari mai zaƙi da ke hana ruwan jiki daskarewa. Wato abincin da take ba su shi ke kashe su. A wannan tafiya ta rasa yatsu biyu na hannun dama, saboda sanyin da ya ci su sakamakon yawan cire safar hannu don juya duwatsu. Da Alasdair ya tarbe ta ya dubi hannun, sai ya ce, "Rho, ke ma da kin bar cin abinci, da yanzu yatsunki goma cif." Aka ci gaba da binciken, ta kuma koyi rubutu da hagu.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a 1998. Ta shafe sauran shekarunta tana neman sanin yadda ƙwarin ke gane lokacin daina ci ya yi, ba ta kuma sami amsar da ta gamsar da ita ba.

Ta rasu ranar 9 ga Yuli, 2016, aka binne ta a Ranfurly kusa da Alasdair, wanda ya riga ta da shekara huɗu. Ta bar 'ya'ya uku: Catriona, malamar asibiti, Lachlan, matuƙin jirgin ruwa, da Euan, manomin rake. Dukkansu sun daɗe da ƙaura zuwa Queensland, wani yanki mai zafi a Ostareliya, inda ko rigar sanyi ba kasafai ake nema ba.